Gammon Ganye a Ƙofar Inna Marta

Mutumin farko da ya yi mana Hausa a ƙasar Amurka shi ne ya fara cutar mu. Mun fito daga filin jirgi ke nan, ni da Ya'u, kowa rungume da akwatin ƙarfe, sai ga wani cikin kwat da taye yana washe baki: "Samari, sannunku da hanya!" Wallahi ko akwatina ya ce in ba shi da na ba shi, don daɗin jin harshen gida. Ya ce ofishin kula da ɗalibai ne ya aiko shi, kuma inda za a kai mu sanyi na kashe mutum a tsaye, don haka sai mun sayi rigunan sanyi tun daga nan. Ya ja mu wani shago, ya zaɓa mana riguna masu sheƙi har gwiwa, ya karɓi abin da ya karɓa, ya ce bari ya nemo mota. Har yau yana nemowa.

Lokacin nan kuɗin fetur ya yi wa gwamnati yawa, tana kwasar matasa jirgi-jirgi tana turawa ƙetare koyon sana'a. Daga ma'aikatar gona ta Ƙanƙara aka ɗebo mu. Ni Lawal, mutumin Tafoki ne a ƙasar Faskari. Ya'u ɗan goggona ne da ke aure a Sabuwa, wato taubashina, kuma tun muna yara ba mu taɓa zama wuri ɗaya ba tare da ya tsokane ni na hau ba. Ni mai saurin fushi ne, ban ɓoye wa kowa ba. Shi kuwa ko gobara ake yi sai ya samo abin dariya a ciki. Magana ɗaya Goggo ta yi mini kafin mu taso, ta ce, "Ga ɗan'uwanka nan. Rai na Allah ne. Amma in ta Allah ta kasance, kak ka bari a yada min shi kamar ba ɗiyan Musulmi ba."

A babban birnin da muka sauka aka raba mu. Ni aka tura ni makarantar gyaran tarakta, shi aka tura shi koyon noman rani a wani ɗan gari can arewa, kusa da iyakar Kanada. Da muka zo rabuwa a tashar bas, ya dube ni cikin rigar nan mai sheƙi ya ce na yi kama da buhun taki. Na ce Allah ya isa. Haka muka yi sallama.

Makarantarmu a bayan gari take, cikin gonaki, sai shanu da injina. Watannin farko ba abin da ya fi damuna kamar abinci da shiru. Mutum ya wuce ka da safe ya ɗaga maka gira, shi ke nan an gaisa, ba a tambayi gida ba balle gajiya. Ranar da na tuna kasuwar Yankara ta ci, sai in ji ƙamshin ƙosai da tsire a hancina, in rasa inda zan sa kaina. Sanyi na fara shigowa wani malaminmu ya taɓa rigata ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe rigar ruwa ce, ba ta tare komai sai yayyafi. Washegari ya kawo mini tsohuwar kwat ɗinsa mai gashi a ciki. Na buga wa Ya'u tarho na faɗa masa, ya ce shi ɗan daji ne, sanyin Sabuwa ya riga ya gasa shi, rigarsa ta ishe shi.

Wannan malamin mai kwat bai ga ƙarshen kaka ba, zuciyarsa ta tsaya yana kan aiki. Duk ajinmu muka tafi jana'iza, ni ma na bi, don mutumin ya yi mini alheri. A nan na fara ganin abin. Sun naɗe ɗanyen ganye sun yi shi kamar gammo, babba, sun ɗora bisa akwatin gawar. Aka yi waƙe-waƙe, aka yi addu'a, sai na ga akwatin yana tafiya da kansa a hankali, labule ya rufe shi. Na tsaya jiran a fito a tafi maƙabarta, na ga mutane na ɗaukar hulunansu. Na tambayi na kusa da ni ina za a rufe shi. Ya ce ba rufe shi za a yi ba, ƙona shi za a yi, a ba matarsa tokar.

Na kwana biyu ban iya cin nama ba. Abu ɗaya kuma ya zauna mini daram: a ƙasar nan, gammon ganye alamar gawa ce. Ban ga abin tambaya a ciki ba, don ko a gida, in ka ga babbar mota ta taso daga Funtuwa za ta kudu da ɗanyen ganye soke a goshinta, ka san gawa ta ɗauko.

Farkon watan Disamba aka kira ni ofis, wai ana nemana a tarho. Muryar tsohuwa ce, tana magana a hankali don in gane. Ta ce ita ce mai gidan da Ya'u ke haya. Sanyi ya kama masa haƙarƙari, ya daɗe yana ɓoyewa yana shan citta da ruwan zafi, yanzu numfashi na gagararsa, kuma sunana yake kira. Ta ce, "In za ka zo, ka zo yanzu."

Na shiga doguwar bas da sassafe. Tun ina ganin itatuwa tsirara har na daina ganin itace gaba ɗaya, sai fili fari fat, dusar ƙanƙara ta shafe gona da hanya. A garin farko da muka ratsa na hango gammon nan rataye a ƙofar wani gida. Na ce Allah sarki, an yi rashi. Gaba kaɗan na ga wani. A gari na biyu na ga layi guda da ƙofa uku a jere, kowace da nata. Na tuna shekarar sanƙarau a Tafoki, da ake fita da gawa daga gida uku kafin azahar. Na ce lallai ciwon da ya kama Ya'u annoba ce, ita ke bin garuruwan nan gida-gida. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, mutanen cikin bas ko a jikinsu, wata ma tana saƙa tana 'yar waƙa. Na ce a raina, mutanen da ke ƙona iyayensu, me zai dame su?

Wajen la'asar bas ta tsaya a wani gidan mai, direba ya ce iyakarsa ke nan, hanyar gaba ba ta biyuwa sai manyan motoci masu sarƙa a taya. Na hau shi da faɗa da guntun Turancina, ya ɗaga kafaɗa ya shige shan kofi. Matar da ke sayar da abinci a wurin ita ta ji ni ina ambaton sunan garin, ta fita ta yi magana da wani ƙaton direban tirela mai jan gemu, ta dawo ta ce zai wuce ta can, zai ɗauke ni.

Na zagayo gaban motar zan hau, sai na yi turus. Ga gammon ganye ɗaure a goshinta da jan ƙyalle. Bayanta kuma an lulluɓe da tamfol, rassan ganye na leƙowa ta ko'ina. Na ce inna lillahi, wannan ba gawa ɗaya ya ɗauko ba. Na ja da baya. Amma Ya'u na can, kuma ba wata mota. Na yi bisimilla na hau.

Ban ce masa uffan ba a hanya, don a gidanmu ba a jan mai rakiyar gawa da hira. Shi kuwa ya kunna rediyo yana bin waƙa yana buga sitiyari. Na so in ce masa ya ji tsoron Allah, na haɗiye. Da ya ga ina cusa hannuwana a hammata, ya ciro safar hannu daga aljihun mota ya miƙo mini, ya zuba mini kofi a murfin fulas. Na karɓa ina mamakin yadda mutum ɗaya zai haɗa kirki da rashin ta ido haka. Duk tsawon hanyar lissafi ɗaya nake yi: in na tarar ya cika, sun ƙona shi ko ba su kai ga ƙonawa ba? In sun miƙo mini toka a gwangwani, da wane baki zan shiga Sabuwa?

Ya sauke ni a bakin layin da sauran hasken rana, ya nuna mini gidan da yatsa. Layin gajere ne, bayansa gonaki. Kowace ƙofa da gammonta. Na yi ta addu'a Allah ya sa tata babu. Na iso, ga shi nan, ya fi na kowa girma, da ganye mai ƙaya da jajayen 'ya'ya.

Ban san lokacin da na fizge shi na yi jifa da shi ba. Na dinga dukan ƙofar da hannu biyu. Wata 'yar tsohuwa mai farin gashi ta buɗe, na ture ta gefe na faɗa ciki ina ihu da Turanci da Hausa a haɗe: "Ina gawar? Kada ku ƙona shi! Musulmi ne! Ina kuka kai shi?"

Daga ɗakin da ke kusa da murhu na ji tari, sannan wata siririyar murya ta ce, "Kai buhun taki, mi ya hwaru kake ma mutane ihu cikin gida?"

Na zauna a ƙasa. Yana kwance an tokare shi da matasai, ya rame har idanunsa sun faɗa, amma bakin nan na nan. Da na faɗa masa abin da na gani tun daga hanya, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, tsohuwar ta rugo ta ɗaga shi tana shafa masa baya. Ya ce, "Inna, wanga shi ne ɗan'uwan nawa. Haka shike, ki yi haƙuri. Motar itacen Kirsimeti ya hawo, shina ta yi ma itace ta'aziyya."

Marta sunanta, shi ya laƙa mata Inna, ta kuma karɓa. Mijinta ya rasu, ɗanta guda ya tafi yaƙi bai dawo ba. Sai a lokacin na lura tafin hannuna na zubar da jini, ƙayar ganyen ta yayyage ni. Ta wanke mini, ta ɗaure. Sannan ta fita ta ɗauko gammon daga cikin dusar ƙanƙara, ya wargaje gefe guda, ta ajiye bisa tebur inda Ya'u zai iya gani, ta ce in riƙe mata wayar ƙarfen da aka ɗaure shi da ita ta gyara. Kunya ta hana ni ɗaga ido.

Tana ɗaurewa tana bayani. Ta ce a jana'iza ma ana sa shi, ban yi ƙarya ba, amma wannan na murnar haihuwar Annabi Isa ne. Ta ce in duba waje, komai ya mutu, ciyawa da itace, sai irin wannan ganye kaɗai ke zama kore cikin sanyi, shi ya sa suke ɗaukarsa alamar rai da ba ya ƙarewa. Zagayen da aka yi masa kuwa, ba farko ba ƙarshe, tunin Ubangiji ne. Ƙayar, a wurinsu, ita ce hular ƙaya da suka ce an sa wa Annabi Isa, jajayen 'ya'yan kuma jininsa.

Na ce, "Mu a wurinmu ba a kashe shi ba, Allah ya ɗauke shi."

Ta ce, "Na sani. Ya'u ya faɗa mini, mun sha gardama a teburin nan. Riƙe nan da kyau."

Ya'u ya ce, "Lawal, gawo ne fa nasu. Ka tuna gawon gonar Baba? Rani ya ƙone komi, shi kaɗai ka hita da ganye, awaki na ta taruwa ƙarƙashi." Ya nemi numfashi, sannan ya ce da ma ya ga gonar nan sau ɗaya.

Na ce zai gani, ya daina maganar banza. Na faɗa da tsawa don kada muryata ta tona ni.

Guguwar da ta biyo bayana ta rufe garin ruf. Likitan garin yakan zo a ƙafa, ya yi allura, ya girgiza kai. Babban asibiti na da nisa, kuma ya ce ko hanya ta buɗe, huhun ya riga ya ci. Inna Marta ta tambaye ni ina ne gabas ɗinmu, muka juya gadon tare. In zan yi salla sai ta kashe rediyo ta koma kicin. Wata safiya da hantsi, ina riƙe da kansa ina maimaita masa kalmar shahada, ya bi ni sau biyu, na uku leɓensa kawai ya motsa.

Ban samu damar kuka ba, don kafin azahar mai kula da gawawwakin garin ya iso da baƙar mota. Mutum ne mai ladabi, ya cire hula ya zayyana mini abin da ake yi. Ƙasa ta daskare kamar dutse, ba mai haƙa kabari sai bazara. Ko dai a ajiye shi a ɗakin sanyi har ƙanƙara ta narke, ko a zuƙe jininsa a ɗura magani a sa shi a jirgi, ko a ƙona. Na tashi na tsaya a ƙofar ɗakin, na ce duk wanda zai taɓa shi sai ya fara bi ta kaina. Na ce a ba ni diga, ni zan haƙa. Ya ce ko na kwana ina sara, ba zan wuce tsawon yatsa ba. Na san gaskiya ya faɗa, don na gwada da ƙafata a bakin ƙofa, kuma sanin hakan ya ƙara tunzura ni.

Inna Marta ce ta shiga tsakani. Ta zaunar da ni, ta ce in faɗa mata dalla-dalla yadda muke yi. Na faɗa mata: wanka, farin ƙyalle, salla, rami mai ƙaramin rami a cikinsa, a kwantar da shi a gefen dama yana fuskantar gabas, ba akwati, kuma ba a jinkiri. Ta ɗauki tarho. Ban san me ta faɗa wa hukumar garin ba, na dai ji muryarta ta canza, irin ta uwar da ba a musu da ita. Kafin la'asar an yarda a rufe shi a kusurwar gonar mijinta, bayan gidajen. Mazan cocinsu suka zo da gawayi da tsofaffin kwanon rufi, suka share wurin, suka hura wuta a kan ƙasar suka kife ta da kwano, suka yi ta karɓa-karɓa suna ƙara gawayi har gari ya waye. Da safe ƙasar ta yi laushi, suka haƙa, ina tsaye ina nuna musu.

Likitan ya san wani tsohon Balarabe Musulmi mai kanti a garin gaba, ya je ya ɗauko shi a motar share hanya. Ni da shi muka yi wa Ya'u wanka, muka naɗe shi cikin sababbin zannuwan gado da Inna Marta ta ciro daga adaka. Mu biyu muka yi masa salla, sauran na tsaye daga baya, huluna a hannu, iska na yankan kunnuwansu.

Na shiga ramin na karɓe shi, na kwantar. Aka miƙo mini guntayen katako na jera a kan ƙaramin ramin. Sai na miƙa hannu sama ba tare da na duba ba, yadda ake yi a gida, ina jiran a ɗora mini ganye. Ba wanda ya motsa.

A wurinmu in an jera itace, sai a shimfiɗa ɗanyen ganye a toshe duk wata kafa, sannan a liƙe da laka, don kada ƙasa ta zubo wa mamaci a fuska. Ba a ma faɗa, yara ne ke karyo shi a bakin maƙabarta. Shi ya sa ban tuna na ambata ba. Na ɗago na duba, fili fari har iyakar gani, ko tsinke babu. Katakon kuwa ba su haɗu ba, ina hango farin ƙyallen ta tsakaninsu. Ɗaya daga cikin mazan ya riga ya cika shebur. Na daka masa tsawa ya tsaya. Ya ce wuta ta mutu, in aka daɗe ƙasar da aka tono za ta sake daskarewa. Na ce ba mai zuba wa ɗan'uwana ƙasa a ido. Na fara ƙoƙarin cire kwat ɗina in shimfiɗa, Balaraben ya riƙe hannuna ya ce in na cire a sanyin nan, rami biyu za a haƙa.

Inna Marta ta matso bakin ramin ta ce, "Me ya rage?"

Na ce, "Ganye. Ɗanye."

Ta juya ta nufi gida, tana tafiya da ƙyar cikin dusar. Ta dawo rungume da gammon ƙofarta da almakashi. Na gane abin da take nufi. Na ce, "Inna, wannan na addininku ne."

Ta sa almakashi ta datse wayar, ta zare jan ƙyallen ta cusa a aljihu, ta ware rassan ɗaya bayan ɗaya, ta tsince masu ƙayar ta ajiye gefe. Ta ce, "Yanzu ganye ne."

Na dubi Balaraben, ya gyaɗa kai. Na karɓa da bisimilla na fara shimfiɗawa daga wajen kai. Ƙamshinsa ya cika ramin. Bai kai ƙirji ba ya ƙare.

Ban roƙi kowa ba. Na dai ji shebur ya faɗi, na ga mazan sun juya sun nufi layin, wasu har da gudu. Suka dinga dawowa kowa da nasa a hannu, matansu na biye da su, suka tsuguna a bakin ramin suna datse waya suna miƙo mini. Na rufe shi tun daga kai har ƙafa, ban bar kafar da allura za ta shiga ba. Aka kawo ruwan zafi a tulun ƙarfe na kwaɓa laka na liƙe. Sannan na fito na ce su zuba.

Ban yi kuka a wajen wanka ba, ban yi a bakin kabari ba. Muna dawowa, Inna Marta na riƙe da hannuna don santsi, muka shigo layin. Saura 'yan kwanaki idinsu. Na bi ƙofofin da kallo tun daga farko har tata, ba ko ɗaya da ganye, sai ƙusa a tsakiyar kowace. A nan na durƙusa a tsakiyar hanya na fashe da kuka, tsohuwar nan ta tsaya a kaina tana tare mini iska har na gama.